Sabon Zubin Tsofaffin Sojojin Roba: Abin Dubawa Kafin Kanta Ta Cika

Ɗauko Snake Eyes, ɗaya daga cikin sojojin roba na wasa da ake kira G.I. Joe, na shekarar 1982 ka tsayar da shi kusa da wanda kamfanin Hasbro ya fitar a 2020. Na farkon da kaɗan ya fi yatsa tsawo, inci uku da kwata uku, baƙi ƙirin daga kai har ƙafa, babu fenti a jikinsa, domin a lokacin kamfanin yana neman inda zai rage kuɗin fenti, sai aka bar shi da launin robarsa. Na biyun inci shida ne, gwiwarsa tana lanƙwasa a wuri biyu, yana da takobi da kube da gidan ƙaramar bindiga a cinya, kuma ana ganin ɗinkin rigarsa da ƙullin ɗamararsa kamar na gaske. Suna ɗaya suke amsawa, amma ba su cin kwano ɗaya. Makamin wannan ba ya shiga hannun wancan, motar wancan ba ta ɗaukar wannan, kuma dabarar gyaran da ke ceton ɗaya ita ce ke kashe ɗayan. Yawancin asarar da masu tara waɗannan kaya ke yi daga nan take tasowa, wato ɗaukar sabon zubi tamkar tsohon ne aka wanke masa fuska.

Ga asalin abin a gurguje. A 1964 Hasbro, da ke jihar Rhode Island ta Amurka, ya fito da G.I. Joe mai tsawon kusan inci 12, yana sanye da kakin yadi da ake tuɓewa. Huɗu ne na farko: sojan ƙasa, sojan ruwa, matuƙin jirgin sama, da sojan kundumbala. Kamfanin ya ƙi yarda a kira shi 'yar tsana, don ya san yara maza za su guje shi, sai ya raɗa masa suna action figure, sunan da har yau ake amfani da shi. Yana da tabo a kumatun dama, kuma farcen babban yatsan hannunsa na dama ya fito ta ciki, kuskuren zubi ne da aka bari da gangan don gane masu kwaikwayo. A 1966 kamfanin Palitoy ya fara yin nasa a Ingila da sunan Action Man. A 1970 aka sa masa gashi mai laushi, a 1974 aka ba shi hannun roba mai damƙa, a 1976 aka tsaya. Sai a 1982 ya dawo ƙarami, kowane soja da sunansa da takardar tarihinsa a bayan kwali, yawancinsu marubuci Larry Hama ne ya rubuta su, aka yi ta yi har 1994. Duk wani sabon zubi na yau daga ɗayan waɗannan gidaje biyu yake ɗebo kamanninsa.

Girma ɗaya za ka zaɓa

Kafin maganar wane soja ya fi kyau, a fara da maganar girma, domin ita ce ke yanke yawan kuɗi da yawan wurin da abin zai ci. Uku ne manya. Akwai ɗaya bisa shida na tsawon mutum, wato inci 12, kusan santimita 30. Akwai ɗaya bisa goma sha biyu, inci shida, kusan santimita 15, wanda a nan jerin G.I. Joe Classified na 2020 yake. Sai ɗaya bisa goma sha takwas, kusan santimita tara da rabi, girman 1982.

Mutane sukan raina bambancin da ke tsakanin ƙaramin da na tsakiya, su ce ai inci biyu ne da ɗan ɗori. A jikin soja haka ne. A jikin mota kuwa lissafin daban ne. Duk abin da aka ɗauke daga ƙaramin girma aka kai na tsakiya, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne zai ƙaru da rabi, sai wurin da yake ci ya ninka fiye da sau uku. Jirgin ruwan USS Flagg na 1985, mai dakon jiragen sama, ƙafa bakwai da rabi ne a ƙaramin girma. Da za a yi shi don sojojin inci shida, sai ya haura ƙafa goma sha ɗaya. Shi ya sa wanda zuciyarsa ke wajen tankoki da jirage ya fi dacewa ya zauna a ƙaramin girma, inda motocin suke da yawa, tsoho da sabo. Wanda ke son fuska da ƙira da tsayuwa mai kyau, inci shida ne nasa. Wanda kuma abin da ke burge shi shi ne kakin gaske da maɓalli da igiyar takalmi, ya nufi inci 12, amma ya san soja ɗaya a can yakan ci kuɗin biyar ko fiye na inci shida.

A ganina mai farawa ya ɗauki ɗaya ya tsaya a kai aƙalla shekara guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya fara da uku a lokaci ɗaya yakan ƙare da kanta uku, babu wadda ta cika, kuma babu kayan da ke aiki a wata.

Har a cikin ƙaramin girman akwai tarko. A 2007, don cikar shekara 25, Hasbro ya sake zuba sojojin 1982 da sabuwar ƙira, aka cire zoben robar da ke riƙe ƙirji da ƙafafu daga ciki, aka sa gaɓa a tsakiyar ƙirji. Sun fito da kyau ƙwarai, amma sun ɗan fi tsofaffin tsawo, sun doshi inci huɗu. Ramin da ke tafin ƙafarsu ya fi na tsofaffin ƙanƙanta, don haka matakin da ake kafa tsoho a kai ba ya shiga sabo, idan kuma aka tura da ƙarfi sai diddige ya tsage. Na farko-farkon wannan zubi ba sa iya zama sosai saboda yadda aka ƙera kwankwasonsu, ga tsawon ƙafa, sai ka ga murfin jirgin tsohon zamani ya ƙi rufuwa a kan matuƙi. Waɗanda suka biyo baya daga 2010, musamman jerin Pursuit of Cobra da na cikar shekara 30, sun gyara yawancin wannan, kuma a wurina su ne ƙololuwar abin da aka yi a wannan girma.

Yadda ake gane sabuntawa mai kyau

Ba yawan kaya ne ke sa sabon zubi ya yi kyau ba. Gwajin farko shi ne ka ja da baya kamar taku uku ka dube shi. Idan ka gane ko wane ne tun kafin ka ga suna, an yi aiki. Dubi na ɓangaren Cobra, ƙungiyar abokan gaban G.I. Joe: Destro kansa na azurfa ne da buɗaɗɗen ƙirji da jan wuyan riga. Storm Shadow fari ne fat. Cobra Commander shuɗi ne da fuskar madubi ko mayafin kai. Muddin waɗannan suna nan, mai ƙira yana da damar ƙara aljihu da ɗamara yadda ya so. Rukunin farko na Classified a 2020, wato Roadblock da Snake Eyes da Destro da Duke da Scarlett, masu lamba 01 zuwa 05, ya sha suka a kan wannan. An yi wa wasunsu adon zinariya mai ƙyalli, aka ba su bindigogi irin na almarar kimiyya, masu tarawa suka ce ba waɗannan suka sani ba. Daga baya aka sake fentin wasu, kuma ƙirar ta yi ta komawa kusa da ta shekarun 1980. Wannan darasi ne ga mai saye. Soja sananne ba sau ɗaya ake yin sa ba, kuma na biyu ko na uku yakan fi na farko.

Gwaji na biyu, zai iya riƙe doguwar bindiga da hannu biyu, gindinta a kafaɗa? Wannan yana bukatar gwiwar hannu mai lanƙwasa biyu, da kafaɗa mai matsowa gaba, da wuyan hannu mai motsi sama da ƙasa. Soja da ba ya iya wannan ya rasa rabin amfaninsa, komai kyan fuskarsa. Na uku, zai tsaya da ƙafarsa jakar goyo na bayansa? Na huɗu, akwai wurin da kowane makami zai zauna a jikinsa? Abin da ba shi da mazauni a jikin soja shi ne ke fara ɓata.

Akwai kuma waɗanda ba sabuntawa suke yi ba, maido da tsohon suke yi yadda yake. Hasbro ya dawo da masu zoben roba a wasu kwalaye na biyu-biyu, kamfanin Super7 ma yana yin nasa da lasisi. A lura da Super7, domin yana da jerin ReAction mai gaɓa biyar kacal, ba gwiwa ba gwiwar hannu, da kuma ReAction+ mai zoben roba irin na da. A hoto suna kama, a hannu kuwa nesa ba kusa ba.

Ranar da aka buɗe kwali

Mafi yawan karaya a ranar farko take faruwa. Sojan inci shida roba iri biyu ne a jikinsa: mai tauri a ƙirji da kwankwaso, da mai laushi a hannuwa da ƙafafu da kai. Fenti yakan gangara cikin gaɓa ya bushe a can, sai gaɓar ta cije. Idan aka murɗa ta a sanyi, ba gaɓar ce ke juyawa ba, ɗan sandan da ke riƙe da ita ne ke murɗewa. Za ka ga farin layi ya fito a robar, alamar ta wahala ke nan, kuma daga nan saura ƙiris ta tsinke.

Maganin ruwan zafi ne. A tafasa ruwa a bar shi ya ɗan huce, kamar digiri 60 zuwa 70, a tsoma gaɓar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a fito da ita a kama kusa da gaɓar, ba can ƙarshen hannu ba, a motsa a hankali. Idan ta ƙi, a sake tsomawa. Sau uku ma ba laifi ba ne, sauri ya haifi nawa. Na'urar busar da gashi tana yin wannan aiki, amma a nisanta ta kamar taƙi guda ana kaɗa ta, don zafinta a wuri ɗaya yana lanƙwasa siraran abubuwa. Kafin a lanƙwasa gwiwa a duba inda take fuskanta, domin sau da yawa hannun ya juye ne tun daga masana'anta, mutum yana ta tura shi ta inda ba ya tafiya. Haka ake yi wajen canza kai ko tafin hannu: a ɗumama, a ja a miƙe, ba a karkace ba.

Bindiga ko takobi da ya fito a lanƙwashe, a tsoma shi a ruwan zafi har ya yi laushi, a miƙar da shi da yatsu, a jefa shi nan take cikin ruwan sanyi yana miƙe, minti ɗaya. Wani lokaci yakan koma bayan kwana biyu, sai a maimaita, a wannan karo a ɗan wuce da shi ɗaya ɓangaren kafin a sanyaya.

Gaɓar da ta yi sako-sako kuma, ɗigo ɗaya na banish mai narkewa a ruwa ya isa. A sa da tsinken sakace, a motsa gaɓar kowane minti biyar na rabin awa, a bar ta ta kwana. Wasu na amfani da gam mai kamawa nan take. Yana aiki, amma idan aka yi sakaci na daƙiƙa kaɗan gaɓar ta daskare har abada, kuma tururinsa yana barin farin hazo a kan baƙar roba. Ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba.

Duk wannan maganar zafi ta sabon zubi ce. Tsohon sojan 1982 zuwa 1994 robarsa mai tauri ce kusan ko'ina, shekaru kuma sun busar da ita. Ruwan zafi ba ya tausasa ta kamar yadda yake yi wa sabuwa. Shi ya sa babban yatsansu ke ɓallewa idan aka cusa musu makami mai kaurin mariƙi, kuma makaman sabon zubi da yawa haka suke. Kada a gwada.

Zoben roba

Wanda ke tara masu zobe, tsoho ko sabo, dole wata rana ya buɗe ɗaya. Alamar zobe ya mutu ita ce sojan ya riƙa lilo a ƙugu, ko ya rabu biyu. A bayansa, cikin ramin da jakar goyo ke shiga, akwai sukuru ɗaya mai kan gicciye. A samo ƙaramin sukundireba da ya cika kan sukurun daidai, a danna sosai kafin a juya. Wanda ya yi ƙanƙanta yana cinye kan sukurun, daga nan aiki ya koma na huda da injin. Idan akwai tsatsa, a ɗiga man warware tsatsa kaɗan a bar shi ya kwana, a goge rarar don kada ta zauna a fenti.

Sukuru na fita ƙirji zai rabu gaba da baya, kai da hannuwa biyu su zube, don haka a yi aikin a kan faranti ko tawul. Ƙafafu biyu suna rataye ne a jikin wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya. A maƙala sabon zobe a ƙugiyar, a zaro shi ta cikin kwankwaso, a rataya shi a turken da ke cikin ƙirji inda sukuru ke wucewa, a mayar da kai da hannuwa, a rufe. A ɗaure sukuru har ya tsaya kawai, ƙari a kan haka yana tsaga turken. Babban kuskure shi ne zobe mai kauri ko matsattse. Sojan zai tsaya ƙyam a ranar, amma jan da zoben ke yi yana tsaga hantsar kwankwaso, kuma wannan ɓangare yana cikin masu wuyar samu. A sayi zoben da aka yi musamman don waɗannan sojoji, idan kuma ana shakka tsakanin biyu a ɗauki siririn.

Na inci 12 matsalarsu ba ta gaɓa ba ce sosai, ta kaya ce. Tun da kamfanin Dragon na Hong Kong ya shigo wannan fage a 1999 da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan irin su DID da Soldier Story suka biyo, ingancin kaki ya kai inda ba a zata ba. Sai dai fatar roba da ake yin takalmi da ɗamara da jaket da ita tana ɓarewa bayan 'yan shekaru, danshi da zafi suna ƙara mata sauri, kuma ba ta gyaruwa. Baƙin yadi yana rina jikin sojan idan ya daɗe a kai. Robar da ke da laushi idan ta jingina da mai tauri na tsawon lokaci, man da ke cikinta yana narka ɗayar ya bar tambari. Ƙyallen farin auduga ko 'yar takarda marar asid a tsakani tana hana wannan.

Wajen saye

Shekarar da aka buga a jikin soja shekarar mazubi ce, ba lallai ta zama shekarar da aka yi shi ba. An sake amfani da tsofaffin mazubai a 1997 da bayanta, don haka ganin 1983 a jikinsa ba hujja ba ce. A duba launin roba da fenti da irin makaman da suka zo da shi, a gwada da hotunan asali. Makaman kwaikwayo suna da yawa, wasu masu gaskiya ne suna faɗa, wasu ba sa faɗa. A sabon zubi ma akwai na jabu da waɗanda masana'anta ta watsar, ana sayar da su tsirara ba kwali. Araha ba ta ado.

Sojan Classified na yau da kullum ya fara ne a kusan dala 20 a Amurka, daga baya ya doshi 25. Wasu ana keɓe su ga kanti ɗaya, kamar rukunin Cobra Island na kantin Target a 2020, wanda ya yi ƙaranci har 'yan kasuwa suka ninka kuɗinsa. Da yawa daga irin waɗannan an sake fitar da su ko an yi wanda ya fi su, don haka haƙuri yana biya, musamman ga sojojin da ake tarawa da yawa kamar dakarun Cobra. Inda haƙuri ba ya aiki shi ne HasLab, tsarin da ake biyan kuɗi tun kafin a ƙera abu, sai masu saye sun kai adadin da aka sa. Ta nan aka tara kuɗin jirgin Skystriker a 2021, da na tankar H.I.S.S. ta inci shida a 2022 a kan kusan dala 300. Ana jira shekara ko fiye kafin kaya su iso, kuma idan an rufe an rufe. A auna kanta kafin a biya.

Akwai lokacin da Hasbro ya cire tagar leda daga kwalayensa don rage roba, daga baya ya dawo da ita. Kwalin wancan lokaci ba a ganin cikinsa, don haka idan za a saya daga hannun wani a duba salatif ɗin bakin kwali da kyau, domin an samu masu musanya abin ciki su mayar kanti. Mai taga kuwa a yi amfani da ita: a dubi idanu ko sun daidaita, a dubi layin fenti a gemu da gira, a ƙirga makamai da hoton bayan kwali.

Wajen ajiya hasken rana ne babban abokin gaba. Yana mayar da farar roba rawaya, shuɗiya ta koma kore-kore, shi ya sa samun Storm Shadow na 1984 da ya rage fari tas yake da wuya. Ana iya dawo da farin da ruwan haidurojin feroksaid da hasken rana, bayan an cire sukuru da ƙugiya don kada su yi tsatsa, amma yana kashe wasu launukan fenti, kuma rawayar takan dawo. A sa fitilar LED a kanta, a nisanci taga. Wanda za a adana a akwati, kowane soja da jakar ledarsa, makamansa a wata 'yar jaka daban, da ƙullin silika mai shan danshi biyu ko uku a cikin akwatin. Idan aka buɗe aka ji jikinsa yana danƙo, man robar ne ya fito saboda zafi da rashin iska. Ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori mai laushi suna cire shi, a shanya a inuwa har ramukan gaɓoɓi su bushe sarai kafin a mayar.